Yadda Muka Canza Wa Tsohuwar Hilux Ɗinmu Tiransfa

Waɗanda suka riƙa tambayar inda motarmu ta shiga har kusan mako uku a watan Oktoba, ga labarin. Mun ga ya kamata mu rubuta shi, domin akwai masu irin motar da yawa a cikinmu.

Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka saye ta, dukanmu 'yan goro a Sabon Shagamu. Tsohuwar Hilux ce ta shekarun 1990, mai injin fetur 22R. Ba ta da kyan gani, amma ita ce ke shiga mana ƙauyukan da ke bayan Ogbere, ta wajen J4, inda hanya ke komawa taɓo zalla da zarar ruwa ya sauka. Duk wanda ya san harkar ya san cewa daga Oktoba sabon goro ke kankama, a lokacin kuma damina ba ta gama ɗaukewa ba a nan kudu. Mun riga mun ba manoma uku kafin alƙalami. Goro kuwa ba ya jiran mutum: ko sankara ta shige shi, ko wani mai mota ya riga ka, manomi ya mayar maka da kuɗinka yana ba ka haƙuri.

A irin wannan lokaci ne yaron da ke tuƙa mana ya bugo waya daga hanyar Ijebu-Ode. Ya ce, "Alhaji, ƙarƙashin mota na kuka kamar injin niƙa, kuma akwai ƙauri." Aka ce ya tsaya inda yake. Janyo ta aka yi zuwa gareji.

Bakanikenmu Bayarabe ne, amma a Sabo ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin da ake zubar da man tiransfa, ya tara gwangwani. Abin da ya fito bai cika rabin kofin shayi ba, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Wurin da ya kamata a samu fiye da lita ɗaya da rabi.

Ga wanda bai sani ba, tiransfa shi ne akwatin da ke manne a bayan giyabos, wanda ƙaramin giyan nan na biyu, da ake kira ogzilari, ke sarrafawa. Aikinsa raba ƙarfin inji. Idan yana H2, tayoyin baya kaɗai ke ja. A H4 sai ya haɗa da na gaba. A L4 kuma yakan rage gudu ya ƙara ƙarfi. A irin namu, sai giyabos ya juya sau biyu da kusan kwata kafin furofela ta juya sau ɗaya, shi ya sa mota ke hawa tudu da lodi tana rarrafe. Da aka buɗe namu, boris sun watse, haƙoran giya sun yi shuɗi saboda zafi, jikin akwatin ma ya tsage ta wajen da furofelar baya ke fita. Bakanike ya ce gyara asarar kuɗi ne, a nemo na Beljiyam.

Nan muka yi kuskuren farko, kuma gaggawa ce ta jawo. Muka ɗauki hoton tsohon muka tura wa wani mai shagon kayan gyara a Legas, ya ce akwai, muka tura kuɗi, ya sa a mota. Washegari ya iso. Da ido ka ce tagwaye ne. Aka ɗaga za a jona, ya ƙi. Namu irin wanda sandunan canjinsa ke miƙewa gaba su shiga cikin giyabos ne, a can hannun ogzilari yake zaune. Wanda aka turo kuwa a samansa hannun yake. Hoto bai nuna wannan ba, domin ta gefe muka ɗauka. Bakanike ya ce ana iya buɗe shi a musanya sandunan da na tsohon, amma da zarar an taɓa noti ɗaya mai shago ba zai karɓa ba idan wani abu ya ɓullo a ciki. Gaskiya mutumin bai cuce mu ba, abin da muka nuna masa ya turo. Kwana huɗu suka tafi a haka.

Sai biyu daga cikinmu suka ɗauki bakanike, aka naɗe tsohon tiransfa da wanda aka turo a buhu, aka nufi kasuwar Ladipo da ke Mushin. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya shirya: tun kafin ka sauke kaya 'yan kamasho sun kewaye ka, kowa na rantsuwa shi ne mai shago. Mu dai muka wuce wurin mutuminmu kai tsaye. A nan muka gane cewa faɗin "Hilux" kawai ba ya sayen komai. Ya jera mana guda biyar a ƙasa. Wasu da sarƙa suke juya furofelar gaba, wasu da giya zalla, kamar namu, kuma ramukan notinsu ba ɗaya ba ne. A cikin masu giyar ma, bakin da ke karɓar sandar giyabos akwai mai haƙori 21, akwai mai 23. Bakanike ya sa alli ya ƙirga namu a gabanmu, 21. Akwai kuma batun agogon gudu, ko na waya mai juyawa ne ko na lantarki.

Da aka ware biyu da suka dace, yadda ya duba su ya burge mu. Ya juya bakin da hannu yana sauraro. Ya sa H2, ya nuna mana bakin gaba na juyawa shi kaɗai, babu ruwansa da na baya. Ya sa H4, duka biyun suka kama tare. Ya sa L4 ya ƙirga juyin. Ya girgiza kowane baki ya ji ko yana wasa. Ya kwance notin ƙasa ya shafa ragowar man a yatsa yana neman garin ƙarfe. Guda ɗaya an wanke shi fes har yana sheƙi, mu shi ranmu ya kwanta wa. Bakanike ya kankare wani gefe da sifana, sai ga ɗinkin walda an shafe shi da fenti. Muka ɗauki mai dattin. Mai shago ya karɓi na farkon, muka yi ciko kaɗan, ya sa masa alama da fenti, ya rubuta a rasit cewa muna da mako guda na gwaji.

Ɗaurawar ba ta ci yini ba. Kafin a ɗaga shi sai da aka canza duk robobin tare mai, domin kuɗinsu kaɗan ne, kuma yanzu ne hannu ke kai musu cikin sauƙi. An tokare giyabos da jak, saboda a kan tiransfa ƙafar da ke riƙe su biyun take. Wata 'yar matsala ta taso: ramukan farantin da furofelar baya ke ɗaurewa ba su yi daidai da namu ba, sai aka ciro na tsohon aka mayar. Aka zuba man giya 75W-90 har ya fara dawowa ta ramin sama. Bakanike ya ja mana kunne cewa duk ranar da za a canza man, a fara kwance notin sama kafin na ƙasa, kada a zubar sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Aka fita da ita bayan gari, kan jar ƙasa, aka gwada kowane giya. Shiru, sai ƙarar inji.

Abin da ya fi wuya shi ne zaman da muka yi da daddare. Biyu daga cikinmu sun ce a riƙa cire kuɗin daga albashin yaro. Hujjarsu tana da ƙarfi: ya amsa da bakinsa cewa idan ya fito daga daji yakan bar makullan tayoyin gaba a LOCK, ogzilari a H4, ya hau kwalta har Shagamu, don ƙyuyar sauka a cikin taɓo. Wannan kuwa yana cin mota. Irin wannan tiransfa yana tilasta wa gaba da baya su juya daidai, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A taɓo taya kan ɗan zame, abin ya saki. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ciki ya sha murɗa.

Babbanmu ya sa aka kira bakanike ya maimaita abin da ya gani. Ya ce, "Alhaji, laifin yaro yana nan, amma ƙishirwa ce ta kashe shi. Man nan ya fi wata shida yana zuba." Nan kowa ya yi shiru, domin duk mun san baƙin tabon da ke ƙofar shago inda motar ke kwana. Kullum muna tsallake shi. Kowannenmu ya ɗauka wani ya yi magana. Ya ƙara da cewa tayoyin gaba da na baya ma girmansu ba ɗaya ba ne, wanda ke ƙara murɗar ko a miƙaƙƙiyar hanya. Tayoyin nan mu muka saye su bibbiyu, don araha, yaro ba ya wurin.

Aka raba kuɗin gida huɗu. Yaro ya sha faɗa, ba a taɓa albashinsa ba. Ɗaya daga cikinmu har yau yana ganin an yi masa sassauci da yawa, kuma bai ɓoye ba. Mun sayi littafi mun ajiye a cikin mota, an ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, duba man giyabos, tiransfa da aksul biyu a Juma'ar farko ta kowane wata. Tayoyi kuwa mun canza biyu, yanzu duk lambarsu ɗaya.

Da muka koma daji, manoma biyu sun jira mu. Na ukun ya sayar, ya dawo mana da kuɗinmu cif. A cikin wanda muka kwaso, kusan kwando biyu sankara ta taɓa, muka tsince muka sayar a farashin da ya samu. Tsohon tiransfa yana nan a lungun shago. Mai irin motar da ke neman sandunan canji ko hannun ogzilari, ya zo ya duba, su lafiyarsu ƙalau.