Ƙungiyar Ƙwallo Ba Ragon Turke Ba Ce

Duk wanda ya tashi a fadamun Wurno, kamar yadda na tashi, ya san bambancin mai gona da wanda ya karɓe ta jingina. Mai gona yana zuba taki saboda baɗi da baɗin baɗaɗa, mai jingina kuwa lissafin kuɗinsa yake yi. Wannan bambanci nake tunawa idan na ji matasanmu a gidajen kallo na Rabah ko Goronyo suna cewa "mun sayi ɗan wasa", alhali ƙungiyar da suke kira tasu tana hannun kamfanin zuba jari da bai san da zamansu ba.

A watan Mayu na 2022 kamfanin Clearlake na Amurka, tare da Todd Boehly, ya sayi Chelsea a kan fam biliyan 2.5. A Italiya kuwa jinginar ce a zahiri. Kamfanin Elliott ya karɓe AC Milan a 2018 da mai ita ya kasa biyan bashi, sannan ya sayar wa RedBird a 2022 a kan yuro biliyan 1.2. Haka Oaktree ya karɓe Inter Milan a 2024. Irin waɗannan kamfanoni kuɗin wasu suke juyawa, kuma masu kuɗin suna jiran riba cikin 'yan shekaru. Saboda haka ƙungiya a wurinsu ragon turke ce: a ciyar da shi ya yi ƙiba, a kai shi kasuwa. Idan kamfanin ya durƙushe, kamar yadda 777 Partners ya yi a 2024, ƙungiyoyinsa irin su Standard Liège ne ke kwana a ciki.

Abin da ya dame ni a gida yake. Sokoto United, Katsina United da Kano Pillars duk na gwamnatocin jihohi ne, kuma muryoyi na ƙaruwa cewa a miƙa irinsu ga 'yan kasuwa. Na fahimci hujjarsu. Ƙungiyar da ke jiran sa hannun jami'i kafin ta hau mota zuwa wasa ba za ta yi nisa ba. Ga kuma Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2025 ba da baitulmalin jiha ba. Sai dai Soname a yankinsu ya gina filin wasa, a Ikenne, inda mutanensa za su iya tare shi su yi masa magana. Kuma ko da attajirin gida ne, tarihi ya ja mana kunne: Leventis United da Abiola Babes sun yi tashe a shekarun 1980, da masu su suka janye hannu sai suka zama labari.

Ni ba na ƙin jari. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a bakin gulbin Rima ya fi kowa buƙatar wanda zai kashe masa kuɗi. Amma wanda ya san darajar abinsa ba ya bayarwa da ka. Idan ranar sayar da Sokoto United ta zo, ina roƙon a rubuta sharuɗɗa tun kafin a karɓi ko sisi: kada a sauya mata suna, kada a ɗauke ta daga filin wasa na Giginya, kada a ɗora mata bashin da aka ci don sayenta, kuma a wajabta buɗe cibiyoyin horar da yara a garuruwa irin su Wurno, Rabah da Goronyo. Jamus ta tanadi doka mai suna 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya. Mu ma a ware wa magoya baya kaso da kujera, domin su ne za su rage a filin ranar da mai jari ya tattara ribarsa.