Waƙa a Bakin Mai Ita

Wata ranar Talata muna cikin aji a nan Abuja, muna nazarin littafin Ruwan Bagaja tare da ɗalibanmu na aji biyu, sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe daga bakin Alhaji Imam muka ji shi. To, wa ya ji ta bakin Malam Zurƙe?" Aji ya fashe da dariya, mu ma muka yi murmushi, muka ba ta amsa irin ta malamai a kan zubi da tsarin labari. Amma da muka koma gida tambayar ta hana mu barci, saboda wani dalili da ɗalibar ba ta sani ba.

Mai karatu ya san cewa Abubakar Imam ya rubuta littafin ne domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka kuwa buga shi a 1934. Abin da manazarta kan wuce da sauri shi ne yadda labarin ya iso kunnenmu. Da farko an gabatar mana da Ƙoje Sarkin Labari, mutumin da ba shi da wata sana'a sai kai labari wurin attajirai da sarakuna domin ya sami abin kai wa baka. Da ya isa Kwantagora ya haɗu da Alhaji Imam, sai reshe ya juye da mujiya, Sarkin Labari ya koma mai saurare. Daga nan har ƙarshen tafiyar Alhaji ne ke magana, mutumin da ya riga ya dawo da Ruwan Bagaja, ya sami dukiya da ɗaukaka.

Wannan tsari yana da aiki babba. Alhaji da Zurƙe sun yi ta cutar juna gari bayan gari, kuma in za a auna ƙarya da damfara, da wuya a ce ɗaya ya fi ɗaya. Amma da yake wanda ya ci nasara ne ke riƙe da akalar zancen, damfararsa kan fito da kamannin wayo, ta abokin karawarsa kuwa ta fito da kamannin mugunta ko wauta. Muna dariya tare da Alhaji domin a zaurensa muke zaune. Shi kuwa Ƙoje, wanda labari ne jarinsa, ba mu ji ya ce sai ya nemo ɗaya ɓangaren ba. Baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma ba ya ƙure maigida da tambaya.

A adabin Amurka an bi wata hanyar. Cikin The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925, ba a bar attajirin ya yi waƙarsa da bakinsa ba. An miƙa labarin ga maƙwabcinsa Nick Carraway, mai ɗan ƙaramin gidan haya a gefen katafaren gidan Gatsby. Nick ɗan tsaka-tsaki ne: yana da dangantaka da masu tsohon arziki ta wajen Daisy, yana cin liyafar mai sabon arziki, yana kuma wucewa ta unguwar toka inda talakawa irin su George Wilson ke zaune. Ya gabatar da kansa a matsayin mai gaskiya wanda ba ya saurin yanke hukunci. Duk da haka, shi ya shirya haɗuwar Gatsby da matar aure a ɗakinsa, kuma da mota ta kashe matar Wilson ya san wadda ke tuƙi, bai kai maganar ko'ina ba. Ya yi abin kirki da ya tsaya a jana'izar da masu cin liyafa suka ƙaurace wa, amma talakan labarin daga nesa ya hango shi.

To, me ya haɗa mu da waɗannan mutane biyu? Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. An yi dokar kafa shi a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati ta ƙaura zuwa cikinsa a watan Disamba na 1991. Duk wanda ya yi arziki a nan, arzikin nasa bai tsufa ba, saboda haka yana bukatar labari. Masu gidaje a Maitama da Asokoro suna da shi. Masu fitowa da asuba daga Nyanya da Mararaba da Suleja domin su share waɗannan gidaje, da Gwarawan da aka tarar a ƙasar, su ma suna da nasu, sai dai ba a ƙaddamar da shi a otal. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai mu, masu digiri da alƙalami, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata.

Shekara guda kafin tambayar ɗalibarmu, wani attajiri ya aiko a kira mu, yana son a rubuta tarihin rayuwarsa. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ba mu kafin alƙalami mai kauri, wanda a makon muka biya kuɗin makarantar yara da bashin haya. Muka yi wata uku muna zuwa falonsa muna ɗaukar maganarsa. Mutum ne mai iya zance. A cikin labarinsa akwai wani tsohon abokin sana'arsa, wanda suka fara buga bulo tare lokacin da ake gina birnin. Kullum in ya zo kansa sai ya kwaikwayi muryarsa, ya faɗi wautarsa, mu yi ta dariya har da hawaye.

Direban da ke mayar da mu Gwagwalada ne ya ɓata mana dariyar. Wani dare, ba tare da mun tambaye shi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan da ake ba ku labarinsa yana nan da rai. Shi ya sayar da gonar gadonsa aka sayi injin farko." Muka nemi wurin, muka same shi a wata unguwa ta bayan gari yana tsare da ɗan teburin kayan masarufi. Bai zagi kowa ba. Ya dai ce takardar filin da sunan mutum ɗaya aka yi ta, domin shi bai iya boko ba, ya kuwa amince. Ba mu ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne ba, shi ma waƙarsa yake yi da bakinsa. Amma ya ba mu sunayen shaidu, biyu daga cikinsu suka tabbatar mana da maganar gonar.

Muka rubuta shafi goma sha biyu, muka sassauta harshe iyakar iyawarmu, muka kai. Attajirin ya karanta, ya zare shafukan daga cikin sauran, ya miƙo mana su yana murmushi, ya ce, "Malam, ai wannan ba ya cikin abin da na gaya maka." Gaskiyarsa kuwa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littafin ya fito, an ƙaddamar da shi, sunanmu yana bangonsa, tsohon abokin kuma yana ciki a matsayin abin dariya.

Shi ya sa yanzu ba mu iya karanta Ƙoje ko Nick da ɗaga kai irin na da. Mun daina koya wa ɗalibai cewa mai ba da labari gilashi ne da ake hango duniyar littafi ta cikinsa. Mukan ce su fara da tambayoyi uku: a ina yake zaune, wa ke ciyar da shi, wa ya sani amma bai je wurinsa ba? A zangon karatu na gaba muka ba ajin aikin gida, kowa ya ɗauki babi ɗaya na Ruwan Bagaja ya sake ba da shi ta bakin Malam Zurƙe. Ɗalibar nan ta rubuto shafi shida, ba wanda ya yi dariya da aka karanta.

Namu shafukan goma sha biyu suna nan cikin aljihun tebur a ofis. Mun yi wa mai teburin kayan masarufi alkawarin za mu koma mu karanta masa su, tun da shi ba zai iya karantawa ba. Damina biyu ke nan ba mu koma ba. Mun sa ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ya kuma sa mu tarar da shi.