Hanya Ko Inuwa?

Bara aka aike ni Nguru koyarwar gwaji. Kullum da safe ni kan bi wata 'yar hanya da ta nufi kasuwa, dogon yaro jere a gefenta guda. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1930 garin nan ya ke tara baƙi, ga hanyar kuwa matsattsiya. Amalanken shanu, da babura, da masu keke, da 'yan makaranta, duk a kanta su ke gogayya.

Ran nan babur ya buge wani yaro ɗan ajina, hannunsa ya karye. Ni na kai shi asibiti. Da na ji mutanen unguwa suna cewa a sare itatuwan a faɗaɗa hanya, na ce lalle haka ya kamata, ai ran yaro ya fi itace.

Da na komo Gashuwa na ba malaminmu na aikin gona labari. Ya ce, "Kwana nawa a ke yi a zuba kwalta? Shekara nawa kuma a ke yi a sami inuwa?" Na yi shiru. Sa'an nan ya gaya mini a 1928 aka fara kawo dogon yaro lardin Barno, waɗanda suka dasa shi kuwa da yawa ba su sha inuwarsa ba. Ya tuna mini da tudun rairayin da ke cin gonaki wajen Yusufari, arewa da mu. Na tuna kuma yaran nan nawa ƙarƙashin itatuwan su ke fakewa in an tashi makaranta da tsakar rana. Ashe garin neman gira za mu rasa ido!

Ko da ya ke haka, ban manta da hannun yaron ba. Na rubuta wa mai unguwa takarda, na roƙa a fitar wa masu tafiya da ƙafa turba ta bayan itatuwan, jerinsu ya zama shinge tsakanin yara da babura. In kuwa tilas a sare guda, a dasa biyar, a sa mai ba su ruwa.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malaman garuruwan nan, za a kuwa riƙa neman shawararmu. Kada mu yi gaggawar baki irin tawa. Kafin a ɗauko gatari, a fara ɗauko igiyar awo.