Fati Abubakar, ƴar Barno mai ɗaukar hoto

Labarin wannan wata na wata mace ne ƴar Maiduguri, babban birnin Barno a Najeriya. Sunanta Fati Abubakar. Sana'arta ɗaukar hoto. Amma ba irin hoton katin shaida ba, wanda mutum yake gyara hula ya tsaya cak. Nata hoton labari ne, wanda ake bugawa a jarida domin mutanen nesa su ga halin da wani gari yake ciki.

A Maiduguri aka haife ta, a nan ta girma. An sa ta lakwal, ta yi ta karatu har ta kai jami'ar Maiduguri, inda ta koyi aikin jinya. Daga nan ta tafi Landan, a ƙasar Ingila, ta ƙaro ilimi a kan kiwon lafiyar jama'a. Wanda ya ga wannan karatu zai ce a gidan likita za ta ƙare aikinta. Amma Allah ya nufe ta da wata hanya dabam.

A shekarar 2009 rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri. Daga birni ya bazu cikin ƙauyuka. An ƙone garuruwa, an kashe mutane, an kore dabbobi, manoma sun bar gonakinsu babu shuka. A 2014 aka sace ƴan mata 276 daga makarantar Cibok. A watan Fabrairu na 2015 wutar ta tsallako Nijar, aka kai hari Boso da Difa. Mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu a yankin tafkin Cadi, da yawansu kuwa Maiduguri suka nufa.

Duk lokacin da jaridun duniya suka ambaci Barno, hoto iri ɗaya suke nunawa: gawa, hayaƙi, soja da bindiga, mace tana kuka. Ba ƙarya suka yi ba, duk abin ya faru. Amma Fati ta san garinsu. Ta san cewa a ranar da bam ya tashi a wata unguwa, a wata unguwar ana raɗin suna. Tela yana kan kekensa, mai ƙosai tana bakin kaskonta, yara suna tafiya makaranta. Barno tsohuwar daula ce, sarautarta ta haura shekara dubu, har Damagaram ta taɓa zama ƙarƙashinta. Abin ya yi wa Fati ciwo, a ce ƙasa irin wannan duniya ba ta san ta da komi ba sai mutuwa.

A 2015 ta komo gida. Ta rataya na'urar ɗaukar hoto a wuya, ta shiga gari. Ta buɗe shafi a Instagram, wato wani dandali na intanet inda ake liƙa hotuna kowa ya gani ta wayar salula. Ta sa masa suna Bits of Borno da Turanci, ma'ana ɗan gutsure daga rayuwar Barno.

Ta ɗauki ƴan makaranta da ƴan kasuwa. Ta ɗauki tsofaffi, da ƴan mata cikin kwalliyar Salla, da ƴan banga masu tsaron unguwa. Ta shiga sansanin ƴan gudun hijira ta zauna da su. Ba ta ɓoye wahala ba: akwai marayu cikin hotunanta, akwai matan da aka kashe wa maza. Amma ko mai wahalar, tana nuna shi a matsayin mutum mai suna, mai sana'a, mai abin faɗi.

Ga abin da ya bambanta aikinta. Ba ta ɗauki hoto ta wuce ba. Takan tsaya ta yi magana da mutum, ta ji daga ina ya fito, me ya same shi, me yake fata. Sai ta rubuta maganarsa a ƙarƙashin hoton. Wanda ya duba ya ga fuska, ya kuma karanta abin da mai fuskar ya faɗa da bakinsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Baƙo yana bukatar tafinta, kuma kwana kaɗan zai yi ya koma. Ita kuwa ƴar gari ce, ta san yadda ake gaisuwa da yadda ake shiga gidan mutane.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A shekarun nan kasuwa da tasha su ne wuraren da aka fi kai wa hari. Babbar kasuwar Maiduguri, wadda ake kira Kasuwar Litinin, bam ya tashi cikinta a 2014, ya kuma sake tashi a 2015. Ga shi kuwa inda jama'a suke, nan mai ɗaukar hoto yake zuwa. Bayan haɗari kuma akwai bakin mutane. A Barno, kamar a ƙasar Hausa, ba a saba ganin mace tana yawo kan titi tana ɗaukar hoton maza da mata ba. Duk da haka ba ta aje na'urarta ba.

Kafin a daɗe aikin ya yi suna. Manyan kafofin labarai irin su BBC da CNN da jaridar New York Times ta Amurka suka nuna hotunanta, suka ba da labarinta. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Barno ba sai tare da bam, suka ga amarya, suka ga yara suna dariya. Daga baya ta tafi jami'ar Duke a Amurka ta ƙaro ilimin wannan sana'a.

Akwai matan da suka riga ta share hanya a Afirka ta Yamma. A Gana an yi Felicia Abban, wadda ta buɗe shagon hoto a birnin Akara tun kafin ƙasar ta samu mulkin kai a 1957, ta kuma riƙa ɗaukar hoton shugaba Kwame Nkrumah. Ta rasu a 2024. A Nijar an yi Mariama Keita, mace ta farko ƴar jarida a ƙasar, wadda ta yi aiki a gidan rediyon Muryar Sahel. Ta rasu a 2018. Kowacce cikinsu ta shiga aikin da ake cewa na maza ne.

Mutanen Sarkin Yamma da na Madarumfa sun san wannan magana ta hoto, don ta taɓa faɗa musu. A 2005, bayan fari da fara sun ci amfanin daminar 2004, hatsi ya yi tsada, yunwa ta shiga gidaje. Ƴan jaridar ƙasashen waje suka cika Maraɗi. Hotunan yara ramammu a hannun uwayensu suka zagaya duniya. Hotunan sun yi amfani, gaskiya ce, domin bayan an gan su ne taimako ya ƙaru. Amma da damina ta yi kyau baƙin sun watse. Kaɗan ne suka komo su ɗauki gonakin rani na Jiratawa, ko lambunan zogale na bakin gulbi, ko jar akuyar Maraɗi, ko itatuwan gawo da manoma suka raya da sassaben zamani. Mutumin nesa ya ga yunwar, bai ga yadda aka tashi bayanta ba.

Haka kuma a 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, suna gudun ƴan bindiga, suka sauka ƙauyukan Gidan Rumji. Talakawa ne suka fara tarbarsu, suka ba su masauki, suka raba hatsinsu da su. Wannan ma labari ne da ya cancanci hoto.

Yau wayar salula mai ɗaukar hoto ta shiga ƙauye. Saurayi ko budurwa na iya yin abin da a dā sai baƙo mai mota. To, mai waya ya yi koyi da Fati. Ya nemi izini kafin ya ɗauki mutum. Kada ya yaɗa hoton gawa ko na majinyaci, domin akwai dangi masu gani. In ya ɗauki rijiyar da ta rushe don hukuma ta gani, ya ɗauki rumbun da ya cika shi ma. Ya rubuta sunan gari da rana da abin da mai hoton ya ce, saboda hoto babu rubutu kowa na iya ɗora masa ƙarya.

Uwaye kuma su tuna, da an fidda Fati daga lakwal tun tana ƙarama, da Barno ta rasa mai faɗin labarinta a lokacin da ta fi bukata. Allah ya kawo zaman lafiya a Barno da Difa da Maraɗi, amin.