Makulli Ɗaya, Ƙofofi Dubu

Ofishin da ke da kwamfutoci biyar yana iya barin kowacce ta riƙe sunayen masu amfani da ita da kalmomin sirrinsu. Idan suka kai hamsin, sai tsarin ya zama jidali. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, dole a bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ana goge sunansa, kuma duk wadda aka manta ta zama ƙofar da ta kwana a buɗe.

Maganin da ya fi yaɗuwa shi ne rajista guda a kan uwar garke, wadda kowace kwamfuta ke tuntuɓa kafin ta buɗe wa kowa. Kamfanin Microsoft ya fito da tasa, Active Directory, tare da Windows 2000, bisa tsarin tantancewa na Kerberos da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka. Ma'aikaci zai shiga sau ɗaya, a ba shi tikitin da zai buɗe masa abin da aikinsa ya halatta kawai. In ya tafi, a rufe asusunsa a wuri guda, duk ƙofofi su rufu.

Sai dai inda iko ya taru, nan haɗari ke taruwa. Ranar 27 ga Yuni, 2017, muguwar manhajar NotPetya ta afka wa Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmark, ta shafe na'urorin da ke riƙe da rajistarsa, kimanin 150. Da yake kowacce madogarar 'yar'uwarta ce, tare suka faɗi. Guda ɗaya ta tsira a ofishin Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Daga nan aka kai faifanta Najeriya, aka miƙa wa wanda ya wuce da shi Ingila. Sai da aka sake girka kwamfutoci 45,000, asara kuma ta doshi dala miliyan 300.

Wannan bai sa rajista guda ta zama kuskure ba, illa dai ta zo da sharuɗɗa: a ajiye kwafinta inda babu layin da ya haɗa shi da sauran, a riƙa gwada dawo da shi, a kuma taƙaita masu riƙe da babban makulli. Sa'a ce ta ceci Maersk, ita kuwa sa'a ba a shirya ta. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.