Neman Wutar Tsohuwar Mota

Cikin dukan motocin da suka taka ƙasar Sakkwato, babu wadda ta shiga zukatan mutane kamar Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. Da aka buɗe ma'aikatar haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna cikin 1975, sai ta zama 'yar gida, aka yi ta haɗa ta can har 2006, alhali kuwa Faransawan da kansu sun daɗe da barin yinta. Hakimi ya hau ta, alƙali ya hau ta, direban tasha ya cika ta da mutane har da awaki.

Kada ku ga ta tsufa ku rena ta. Turawa suna da wani tsere na motoci da a ke yi cikin daji a ƙasar Kenya, sunansa Safari, inda a ke ratsa laka da duwatsu kwana da kwanaki. Cikin 1975 wani mutumin Swidin, Ove Andersson, da 504 ya ci wannan tsere. Cikin 1978 kuma wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya sake cinsa da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da silinda shida. Irin waɗannan masu ƙofa biyu, yau attajiran Turai ke ajiye su cikin ɗaki suna gogewa, suna biɗar kayan gyaransu ƙasa ƙasa. Su don sha'awa su ke biɗa. Mu kuwa a Dandin Mahe don tuwo ne.

Tamu a-kori-kura ce, wadda mahaifinmu ya saya tun ina ƙarami. Da Allah ya yi masa rasuwa, sai muka bar ta ba mu raba ba, domin abin da ta ke samowa ran kasuwa, da jigilar gero da albasa zuwa Boɗinga da Shagari da birnin Sakkwato, shi ke ciyad da Inna da marayun ƙanwarmu guda huɗu. Ita ce kuma motar da a ke buga wa ƙofa da tsakad dare in haihuwa ta zo da gardama a unguwa.

To, wata shekara bayan kaka sai ta kama wata cuta. Da safe ta tashi lafiya lau, ta yi tafiya kamar ba abin da ya dame ta, amma da inji ya ɗauki zafi sai ta fara tari, ta yi harbi ta salansa, ta mutu tsakiyar hanya. In ta huce sai ta sake tashi. Wanmu ya ce ya gaji da biyan kuɗin turi da na ja, ga 'yan gwangwan sun zo sun yi tayi, za su auna ta kilo kilo. Inna ta yi shiru, ta ce, "Ku ne maza, sai abin da kuka gani." Na roƙi Yaya ya ba ni zuwa lokacin cirar albasa. Ya ce ya ba ni, amma in albasa ta fito mota na kwance, to, ma'auni za ta hau.

Bari in tsaya nan in bayyana muku yadda mota ke samun wuta, gama in ba ku san wannan ba, ba za ku ga dalilin wahalata ba.

Fetur da iska su ke gauraya su shiga cikin silinda, fistin ya matse su. Amma ba su kamawa sai an ƙyasta musu, kamar yadda auduga ba ta kamawa sai ƙanƙara ta ba da tartsatsi. Fulogi shi ne mai ƙyastawa. Sai dai wutar batir ba ta da ƙarfin da za ta tsallake bakin fulogi, don bolt 12 ce kurum, ana kuwa bukatar fiye da bolt 10,000. Mai ƙara mata ƙarfi shi ne kwayil. Cikin kwayil akwai naɗin waya iri biyu, ɗaya mai kauri naɗi kaɗan, ɗaya siririya kamar gashi naɗi dubbai. In wutar batir na bin mai kaurin, sai ƙarfin maganaɗisu ya taru. Da an katse ta farat ɗaya, sai ƙarfin nan ya rushe, ya haifar da wuta mai tsanani cikin siririyar wayar.

Mai katsewar nan shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu kai kamar ƙwayar dawa, suna zaune cikin distiributa. Sandar distiributa tana da kusurwa huɗu, tana juyawa tana ture ɗan dunduniyar kwantak, bakin ya buɗe ya rufe. In inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti, to, kwantak yana buɗewa sau 6,000, watau sau 100 kowace daƙiƙa. Ku duba fa, abin da bai kai ɗan yatsa ba! Kusa da shi akwai kwandensa, wani ɗan gwangwani mai wutsiyar waya, aikinsa ya shanye wutar da ke neman tsallake bakin kwantak sa'ad da ya buɗe, don kada ya ƙone, don kuma katsewar ta zama tsaf. Sa'an nan rota, wadda ke juyawa ƙarƙashin murfi, ta raba wa fulogai wutar bi da bi: na 1, na 3, na 4, na 2. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara wannan dabara, aka sa ta a motar Cadillac cikin 1910, duniya kuwa ta yi ta tafiya a kanta shekara sittin da ɗoriya kafin na'urorin zamani su ture ta.

Bakaniken da ke duba mana ita tun zamanin mahaifinmu, wani dattijo ne a bakin hanya, Baba mu ke ce masa. Ya buɗe murfin, ya kai kwantak ga hasken rana. Bakin ya yi baƙi-baƙi da shuɗi, gefe guda rami, gefe guda tsiro. Ya ce, "Ɗana, kwandensa ce ta gaji. In ta ji zafi sai ta saki aiki, shi kuwa kwantak ya ci wuta. Ka samo su biyun, amma na ainihi. Ka kuma tafi da tsofaffin a aljihu."

Na tafi Sakkwato ina tsammanin aikin yini guda ne. Shagon farko aka miƙo mini kwali an rubuta 504 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Na fid da tsohon na gwada, sai na ga ramin kusa ba wuri ɗaya ya ke ba, hannun kuma ya karkata wani gefe dabam. Mai shago ya rantse duk ɗaya ne. Kama da wane dai ba wane ba ce. Abin da ya sa haka, Peugeot ba su ke ƙera distiributa da kansu ba, saye su ke yi wurin wasu kamfanoni, kamar Ducellier da Paris-Rhône, kowanne kuwa da fasalin kwantak nasa da rota da murfi. Mota biyu ƙira ɗaya, shekara ɗaya, sai ka tarar kayan wutarsu ba su shiga na juna.

A wani shago na sami wanda ya yi daidai da tsohon, rami da rami, hannu da hannu, kwali mai ƙyalli. Baba ya ɗaura, ya daidaita bakin da ma'auninsa, milimita 0.4, mota ta tashi. Ba a yi kwana goma ba ta fara nauyi, ta ƙi hawan tudu. Da aka buɗe, ɗan dunduniyar nan ya cinye kamar sabulu, bakin ya kusa rufewa, wuta tana zuwa a makare. Baba ya fasa sabuwar kwandensar da guduma don mu ga cikinta, muka tarar abin da ke ciki bai kai rabin na tsohuwar ba. Wannan irin jabu ido ba ya gane shi a kan kanta, kuma a ganina ya fi sata muni, gama ɓarawo kayanka kurum ya ke ɗauka, ba ya kashe maka mota da mai naƙuda a baya.

Daga nan na nufi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda in ka ce kana son kusar jirgi sai wani yaro ya ce ka jira shi. Can na ga distiributa sukutum, ta Beljiyam, watau wadda aka ciro daga tsohuwar mota a Turai. Na yi niyyar saye, sai wani mai shago mai tsoron Allah ya ce, "Malam, ta wane inji ce taka?" Ya buɗe ƙasan tasa ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa biyu masu nauyi da siraran sifirin. In inji ya ƙara gudu, ƙarafan nan su ke buɗewa su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri, don fetur ya sami lokacin ƙonewa. Ƙarfin sifirin ɗin kuwa an auna shi ne bisa ga irin injin, na ƙaramar mota dabam, na mai ɗaukar kaya dabam. In ka sa wadda ba taka ba, mota za ta tashi, amma ko ta riƙa ƙwanƙwasa da zafi, ko ta sha mai ba ƙarfi. Ya ce in koma in karanto lambar da aka buga jikin tawa. Haka ya ce game da kwayil: akwai wanda a ke haɗa wa wani ɗan abin rage wuta, akwai wanda ba a haɗa wa, in aka musanya su, ko kwantak ya ƙone ko tartsatsi ya yi rauni.

Na komo gida hannu wofi, albasa kuwa ta fara kwantad da ganye. Lambar jikin distiributarmu tsatsa da baƙin mai sun cinye rabinta. Ina ba Inna labari, sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan littafi daga cikin adakar mahaifinmu. Shi bai yi makarantar boko yana yaro ba, ajin yaƙi da jahilci ya shiga da gemunsa. Ashe tun ran da ya sayi motar, kome aka canja mata sai ya rubuta, da manyan baƙaƙe masu tafiya a karkace kamar sawun kaza. A shafi na uku ga sunan Ducellier, ya kwafe shi harafi harafi ba tare da ya san yadda a ke faɗinsa ba, ga lambar cikakkiya a ƙarƙashi. A gefe ya ƙara da cewa silinda ta 1 ita ce ta wajen giya, ba ta wajen fanka ba. Wannan gaskiya ne, haka Faransawa ke ƙidaya, ya kuwa sha rikita kanikawan da suka saba da motocin Japan.

Baba ya ce tun da abin na Faransa ne, in bi ta Illela in ƙetara Birnin Ƙonni. Can kanikawa ba su san fulogi ba sai buji, ba su san kwayil ba sai bobin, distiributa kuwa delko su ke ce mata, yadda Faransawa ke faɗi. Delco ɗin nan sunan kamfanin Kettering ne da aka kafa a garin Dayton na Amurka cikin 1909. Sunan ya ƙetare teku ya shiga bakin Faransawa, ya sake ƙetarowa ya sauka bakin Bahaushen Ƙonni.

Aka kai ni wurin wani tsoho mai ɗan shago duhu, kwalaye har rufi, ƙura ta rufe su. Ya ce, "Mi kaka biɗa, yaro?" Na miƙa masa littafin a buɗe. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Wa ya rubuta wanga?" Na ce mahaifina ne, ya rasu. Ya yi masa addu'a, kāna ya hau tsani ya daɗe yana lalube, ya sauko da wasu 'yan kwalaye da suka koɗe. Ya fid da kwantak ɗaya, ya ce in danna hannunsa in ji ƙarfin sifirin, in kuma karce dunduniyar da farce. Farcena bai kama ba. Kuɗin ya ninka na Sakkwato, na saya kwantak uku da kwandensa biyu da rota ɗaya, ban bar kome a aljihu ba sai kuɗin mota.

Baba ya ɗaura, ya ɗiga ɗan man giris a kusurwoyin sandar don kada dunduniya ta ci, ya daidaita bakin fulogai milimita 0.6. Ba shi da fitilar saita wuta irin ta gareji, da ɗan ƙwan lantarki da waya biyu ya yi aikinsa: ya juya inji da hannu har alama ta zo daidai, ya murɗa distiributa a hankali har ƙwan ya kama, ya ɗaure. Muka loda mata buhu muka tafi Shagari da rana tsaka muka komo, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Yaya ya zagaya ta, ya sa kunne kusa da inji, ya ce a gaya wa 'yan gwangwan su nemi wata.

Wani yaron gareji ya ba mu shawara mu cire kwantak ɗungum mu sa na'urar zamani, wadda ba ta da baki balle ya ƙone. Gaskiya ne ta fi ba da wuta daidai, ba ta kuma son saiti. Amma Baba ya ce in ta mutu a daji sai ja, shi kuwa kwantak ko da 'yar takarda mai yashi ka goge bakinsa sai ya kai ka gida. Na bi bayan Baba, muddin biyun da na naɗe cikin tsumma mai mai suna nan cikin adaka.

Yanzu murfin distiributar ne ya fara tsagewa, in raɓa ta sauka wuta ta kan bi tsagar ta ɓace. Tsohon Ƙonni ba shi da irinsa, amma ya ce akwai mai su a Maraɗi. Na rubuta lambar a shafin da ke bin na mahaifinmu, in an sayad da albasar bana zan tafi.