Tsagar da ke ƙarƙashin sirdi

Keken da ake tseren Tour de France da shi ba a yarda nauyinsa ya gaza kilo 6.8 ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ita ta kafa wannan doka a shekarar 2000, lokacin da kamfanoni suka shiga rige-rigen rage nauyi har aka fara tsoron kada keke ya karye da mutum yana gangarowa daga kan dutse. Wanda ya taso yana tura Rali ko Fonis a cikin yashi, ga buhun gero a kan kariya, zai ji abin kamar tatsuniya, don keken iyayenmu guda ɗaya ya kusa nauyin irin waɗannan uku. Sirrin yana cikin abin da ake ƙera su da shi. Ba ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne, ya fi gashi siranta, a shimfiɗa shi hawa-hawa, a jiƙa shi da wani irin danƙo, a gasa har ya sandare. Firam ɗin manyan kekunan yau bai kai kilo ɗaya ba, kuma sabo fil da kayansa, irin wanda ƙwararru ke hawa, kuɗinsa ya haura dala 10,000.

Duk wannan na haddace shi tun kafin in mallaki irin keken, kuma haddar nan ita ta kai ni ta baro. Muna da 'yar ƙungiya a Kano, mukan fita da asubar Asabar mu miƙi titin Gwarzo, mu juyo kafin rana ta take. Ina da tsohon kekena na alminiyam, bai taɓa kunyata ni ba. Sai ga watan Yulin 2024, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a tseren Faransa, ya kuma tafi da koriyar riga, abin da baƙar fatar Afirka bai taɓa yi ba. Na kalli tseren nan har idona ya yi ja. Daga nan na fara ganin cewa abin da ke sa yaran ƙungiya su bar ni a baya ba tumbina ba ne, ba kuma shekaruna ba, keke ne.

Akwai wani dattijo mai shagon kekuna da muke kai wa gyara. Baba muke ce masa. Yana wannan sana'a tun zamanin da ake haɗa Rali a Kano, kuma da 'yan tsere suka fara yawa a gari bai ce ya tsufa da koyo ba. Yakan samo gwanjo daga Legas jefi-jefi. Ranar da labari ya zo cewa an sauke kaya, na tarar da kekunan tsere biyu a rataye. Ɗaya fari ne, alminiyam, mai giyar Shimano 105. Ɗayan baƙi ne wuluk, kabon, da Dura-Ace, wato ƙololuwar abin da Shimano ke yi. Na ɗaga shi da yatsu biyu, shi ke nan hankalina ya tafi.

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, wancan baƙin girmansa 58 ne. Kai 54 ne naka. Ɗauki farin."

Na ce, "Baba, ai sai a sauke sirdi."

Ya ce, "Sirdi yana sauka, amma hannu ba ya ƙara tsawo. Sannan in kacarsa ta cinye haƙora, ba ni da su, sai an yi aike."

Na yi masa dogon bayani a kan nauyi da iska, da abin da na gani a YouTube. Ya saurara har na gama, ya karɓi kuɗinsa. Bambancin nauyin Dura-Ace da 105, in an haɗa kayan gaba ɗaya, kimanin rabin kilo ne, ledar fiya wata ɗaya ke nan. A kan wannan na biya kusan ninki biyu, alhali ni kaina ina ɗauke da rarar kilo goma a jikina ban damu ba.

Wahalhalun farko ƙanana ne, ban da abin dariya ba komai. Bawul ɗin tayar siriri ne, irin da ake kira Presta, bakin famfon mai faci ba ya kama shi. Tayar kanta milimita 23 ce, yayin da ƙwararrun da nake kwaikwayo tuni sun koma 28 zuwa 30, suna rage iska, don an gano taya mai ɗan faɗi ta fi gudu a titin da ba sumul ba. Tawa kuwa tsidau ɗaya ya ishe ta. Wuyana da kafaɗuna suka riƙa ciwo saboda miƙa hannu, kamar yadda Baba ya faɗa, amma na yi ta maza ban gaya wa kowa ba.

Sai sandar sirdi ta fara zamewa. Ina cikin tafiya in ji ina nutsewa kaɗan-kaɗan, gwiwoyina suna neman haɗuwa da ƙirjina. Na zare sandar a gida na lafta mata giris na mota, kamar yadda na saba yi wa keken ƙarfe don kada ya yi tsatsa ko ƙara. Wannan shi ne kuskuren farko, don kabon ba giris yake so ba. Akwai wani man shafawa na musamman mai ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki, aikinsa ya sa sanda ta kama ba sai an matse ta da ƙarfi ba. Giris akasin haka yake yi. Da zamewar ta ƙaru, sai na ɗauko makullin alanki na hau ɗaurewa. A jikin zoben da ke riƙe sandar an rubuta 5 Nm da ƙananan baƙaƙe. Na gan shi, na ɗauka lambar kamfani ce. Ashe iyakar ƙarfin ɗauri ne, kuma ba wani ƙarfi ba ne: in makullinka tsawon santimita 10 ne, nauyin kilo 5 kacal ake so ka ɗora a bakinsa. Ni kuwa na dafe keken da gwiwa na murɗa da iya ƙarfina, irin ɗaurin da ake yi wa notin Fonis. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na tsaya. Na duba sama-sama ban ga komai ba, ko kuma in ce ban so in gani ba. Na jingine keken na shiga ɗaki.

Ƙarfe in ya ji wuya yakan lanƙwashe, ya ba ka alama, mai walda ya gyara. Kabon yana da ƙarfi ƙwarai ta inda aka jera zarensa, amma matsi daga gefe yana murƙushe shi, hawa-hawan su rabu daga ciki, fenti kuma ya rufa asiri na ɗan lokaci. Shi ya sa duk makanikin ƙungiyar tsere ba ya taɓa noti sai da makulli mai awo, wanda ke yin ƙara ya saki idan an kai adadin da aka saita.

Bayan 'yan kwanaki na kai keken shago a saita mini giya. Baba ya tafi masallaci, yaronsa ne ya karɓa, wani matashi mai shiru-shiru da bai fi shekara sha bakwai ba. Da na dawo da yamma, shi da kansa ya kira ni gefe ya ce, "Yallaɓai, ka ga nan wurin?" Ya goge ƙura da gefen rigarsa, ya haska fitilar waya. Ga tsaga nan siririya ta taso daga bakin bututun da sandar sirdi ke shiga, ta gangaro kamar tsawon ɗan yatsa.

Abin da na yi daga nan shi ya sa nake wannan rubutu, ba asarar kuɗin ba. Na ɗaga murya. Na ce lafiya lau na kawo kekena. Na ce ya matse firam ɗin a bakin ƙarfe, tunda bai san darajar abin da aka ba shi ba, na ce kuɗin keken nan ya fi abin da zai samu a shekara biyu. Mutane suka taru, masu shagunan kusa da 'yan acaɓa. Yaron ya nuna igiyar da ke rataye a rufin shago ya ce, "Wallahi Yallaɓai da igiya na rataye shi, ban matse komai ba." Ban saurare shi ba. Kuma duk tsawon lokacin da nake wannan faɗa, sautin nan na ƙas yana cikin kunnena. Ba mantawa na yi ba. Borin kunya ne tsagwaronsa: na fi son a ce an ɓata mini keke da a ce ni mai lacca a kan kabon ban iya ɗaure noti ba.

Baba ya dawo ya tarar da taron. Ya zare sandar sirdin, ya shafa ta da yatsa, ya duba yatsan, ya duba kan notin da ya fara cinyewa. Ya ɗauko tsohon kwabo ya ƙwanƙwasa bututun daga ƙasa zuwa sama, sautin yana fita garau, da ya iso wurin tsagar sai ya koma dum-dum. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Sannan ya juya ya ce wa yaron ya tafi gida sai ya neme shi. Na tura kekena na tafi ina huci, a ganina na yi nasara.

Na daɗe ban koma ba. Na nemi mai gyara, na gane cewa kabon yana gyaruwa amma ba a bakin titi ba: sai an kankare wurin, an shimfiɗa sabon zare bisa tsarin na asali, an gasa, wasu ma har da na'urar duba ciki. Ban sami mai yi a kusa ba, kuɗin aikawa waje kuma ya kusa kuɗin wani firam. A nan na fara fahimtar abin da na saya. Keken Girmay ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai mota a bayansa ɗauke da wasu kekunan, akwai makanikai da ke wanke shi su duba shi kowane dare, akwai kamfani da ke sauya duk abin da ya lalace ba tare da an tambayi kuɗi ba. An ƙera shi ne da sanin cewa waɗannan mutane suna nan. Ko 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye, da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Ni kuwa na ɗauko irin wannan kaya na kawo shi cikin ƙurar hunturu, ba makullin awo, ba man da ya dace, ba kayan sauyi, kuma mutum ɗaya tak da ke iya taimakona da shi na ƙi jin maganarsa, na kuma tozarta yaronsa.

Ranar da na koma, na zaɓi lokacin da babu mutane, wanda shi ma wani ƙaramin rashin gaskiya ne, tunda a gaban jama'a na yi ɓarnar. Na gaishe shi, na zauna a kan benci, na faɗi yadda aka yi tun daga giris har zuwa sautin. Baba bai daina ɗaura sifok ɗin da yake yi ba. Ya ce, "Ai na ga giris ɗin tun ranar. Ruwan ɗorawa ne, na mota. Mu ba ma amfani da shi a nan."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In ƙaryata ka a gaban mutane? Kai babba ne. Shi yaro ne, zai warke."

Jikina ya yi sanyi. Baba bai faɗi haka don ya soke ni ba, tsarin da ya taso a ciki ya faɗa, kuma ni ma a cikinsa na taso: in mai kuɗi da yaron shago suka yi jayayya, an san wanda zai ɗauki laifi tun kafin a duba kaya. Na san da wannan sarai lokacin da nake ɗaga murya. Da shi na dogara. Da a ce Baba ne ya karɓi keken da hannunsa, da ban yi gigin buɗe baki ba. Kuma ban yarda da Baba cewa yaro zai warke haka kawai ba. Yaron nan shi ya gano tsagar, shi ya nuna mini, alhali da ya yi shiru da na hau keken na tafi, wataƙila sai a wata gangara bututun ya ƙarasa rabewa da ni a kai. Ladan gaskiyarsa shi ne zaman gida babu ko kuɗin abincin rana.

Na roƙi Baba ya aika a kira shi, na kuma sa a kira masu shagunan da suka ji faɗan farko. Na faɗi maganar a gabansu, na biya shi kwanakin da ya rasa. Ya ce, "Ba komai Yallaɓai, ya wuce," idonsa a ƙasa. Wani mai sayar da taya ya yi dariya ya ce da ma su sun sani. Har yau yaron yana gaishe ni da ladabi, amma in na kawo gyara sai ya sami wani aikin da zai yi a bayan shago, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi.

Farin keken nan mai 105 wani ya riga ya saye shi. Na koma kan tsohona, na sa masa taya 28, na sayi ɗan ma'aunin kaca, don kacar giya goma sha ɗaya in ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari dole a sauya ta kafin ta cinye haƙoran baya, ƙura kuma tana gaggauta hakan. Kayan Dura-Ace ɗin na kwance su na sayar wa wani a ƙungiya, da kuɗin na yi odar makullin awo guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na shago. Baba ya karɓa ya juya shi ya ce yana da kyau, ya miƙa wa yaron ya ce shi zai riƙa ajiyewa.

Yanzu akwai sabuwar doka a shagon. Duk wanda ya kawo keken kabon, ko iska kawai zai sha, ba a karɓa sai an goge shi an haska fitila an bi shi gaɓa-gaɓa a gaban mai shi, an ɗauki hoto da waya. Wasu suna jin haushi, suna cewa ɓata lokaci ne, wani ma ya tambaye ni ko na san dalilin wannan sabon iyayi. Na ce masa na sani, na kuma ba shi labarin tun daga giris.